Kujera ɗaya, mu biyu

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Jos ne, a Gangare aka yanke mini cibi. Haƙar kuza ce ta kawo kakanmu daga ƙasar Kano, amma mahaifinmu bai bi rami ba, kasuwa ya kama. Yana da rumfar yadi a babbar kasuwar Terminus har zuwa watan Fabrairun 2002, lokacin da gobara ta cinye kasuwar. Tun daga nan Baba bai sake komawa yadda yake ba. Hawan jini ya kama shi, ya koma zaman ƙofar gida da rediyonsa. Ni ne babba, don haka da na ɗan tasa sai na gangaro Abuja, na yi yaron shago a kasuwar Wuse har Allah ya ba ni nawa. Shadda da atamfa nake sayarwa, ina zaune a Kubwa da iyalina.

Ƙanwata, wadda take bi na, an aurar da ita ga wani ɗan unguwarmu da ke zaune a Amurka. Yana aiki a wani kamfanin jirgin sama. A gida in aka ce mutum yana aiki a jirgi sai a ɗauka matuƙi ne. Shi kuwa cikin masu lodin kaya yake, yana ɗaga akwatunan mutane cikin ƙanƙara da zafin rana, kuma ban taɓa jin ya ɓoye wa kowa hakan ba.

A 2023 ƙanwata ta samu cikin fari. Ga al'ada, haihuwar fari a gaban uwa ake yin jegonta. Tunda ba ta da halin zuwa gida, sai aka ce Mama ta je. Mama ba ta jin Turanci, jirgin da ta taɓa hawa kuma na aikin Hajji ne, inda ake tafiya cikin ayari, malamin bita yana gaba kana biye. Baba ya ce ba za ta tafi ba muharrami ba. Ni na dace, domin ina da mai tsare mini shago. Muka nemi biza a ofishin jakadancin Amurka da ke nan Abuja, kowannenmu ya biya dala 185, Allah ya sa aka ba mu.

Sai maganar tikiti. Duk wanda ya nemi tikitin ƙasar waje a shekarar nan ya san abin da nake nufi. A watan Yuni gwamnati ta saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin banki ta haura 700 cikin ƙanƙanin lokaci. Ga kuma kuɗin kamfanonin jiragen waje da ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, ɗaruruwan miliyoyin daloli, abin da ya sa kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa a 2022, wasu kuma suka rufe tikitocinsu masu sauƙi ga mai biya da naira. Da na je wajen mai yankar tikiti a Wuse ya buga mini lissafin mutum biyu, zuwa da dawowa, sai na ga in dai zan biya, to rabin kayan shagona ne zai tafi.

A nan ne mijin ƙanwata ya kira ni. Ya ce, "Yaya, akwai wata hanya, amma ina so ka saurare ni har ƙarshe kafin ka ce na'am."

Ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma ina so in shaide shi a kan haka, domin daga baya an yi ta maganganu. Kamfanonin jiragen Amurka suna ba ma'aikatansu damar hawa jirgi kusan kyauta, kuma duk shekara suna ba su wasu 'yan tikitoci ƙidayayyu na alfarma da za su iya ba 'yan'uwa ko abokai. Mai wannan tikiti yana biyan wani ɗan kaso gwargwadon nisan tafiya, da harajin gwamnati da na filin jirgi. Abin da ba ya samu shi ne kujera. Sunansa kawai ake sawa a jerin masu jiran gurbi. Sai duk wanda ya sayi tikiti ya shiga, sannan a duba ko akwai saura. Ko a cikin masu jiran ma akwai manya: fasinjan da ya biya kuɗi amma jirginsa na baya ya ɓata masa lokaci, ma'aikacin da kamfani ya tura aiki, ma'aikaci da matarsa da 'ya'yansa, waɗanda suka yi ritaya, iyayen ma'aikaci. Baƙon ma'aikaci shi ne na can ƙarshe. Mama kuwa, duk da cewa uwa ce a wurinsa, a takardar kamfani surukuwa ce, ita ma baƙuwa. Abin dai kamar direba ya ce maka ka tsaya a bakin tasha, in mota ba ta cika ba zai ɗauke ka.

Ya ƙara da cewa in an bar mu, babu otal, babu abinci, babu diyya, domin dokokin da ke kare fasinjan da aka hana shiga jirgi ba su shafi mai tikitin alfarma ba. Duk abin da muka yi kuma a wuyansa yake. In na ɗaga wa ma'aikaciya murya, shi za a kira ofis, ana iya ƙwace masa damar gaba ɗaya. Har tufafi ana dubawa. Ya ba ni labarin abin da ya faru a Denver a watan Maris na 2017, inda kamfanin United ya hana wasu 'yan mata biyu shiga jirgi saboda matsattsen wando, don da irin wannan tikitin suke tafiya. Na yi dariya na ce mu da za mu sa kaftani da hijabi wannan bai dame mu ba.

Da na je Jos na faɗa wa Baba, sai ya rage muryar rediyo ya ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa." Ya yi murmushi, ya sa mana albarka. Bai hana ba.

Jiragen Amurka da ke zuwa Najeriya kai tsaye duk a Legas suke sauka, babu mai zuwa Abuja. Muka sayi tikitin gida daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa na Murtala Muhammed. Lokacin watan Oktoba ne, ɗalibai sun riga sun koma, 'yan hutu sun watse. Mijin ƙanwata yana ganin yawan kujerun da ba a saya ba a manhajar ma'aikata, shi ya zaɓa mana ranar tsakiyar mako. Ba mu sha wata wahala ba. Bayan kowa ya shiga aka kira mu, sai ga shi an ba mu kujerun gaba, irin waɗanda ake miƙewa su zama gado. Mama ta ƙi kwanciya, wai kunya take ji ta miƙe ƙafa a gaban maza. Sai da aka rage fitilu sannan ta yarda. Da asuba ta taɓa ni ta ce, "Ashe haka masu kuɗi suke tafiya?"

Na ambaci wannan ne don kada wani ya ce abin duk wahala ne. Tafiya ta sama da awa goma muka yi cikin gata, da kuɗin da bai kai rubu'in na sauran mutane ba. Wanda duk ya fara da irin wannan rana, zuciyarsa za ta riƙa gaya masa kullum haka take.

Ƙanwata ta sauka lafiya, aka samu namiji. Mama ta kama aikinta. Babu ganyen darbejiya, babu katuwar tukunya a kan murhu, amma ta san yadda ta yi da ruwan zafin famfo, ta dama kunun kanwa da garin da muka ɗauko, ga yaji da daddawa. Kilishin da aka haɗo mu da shi tun a Legas mijin ƙanwata ya sa muka rabar, don ba a shiga da nama Amurka. Shirinmu shi ne a yi arba'in mu juyo a farkon Disamba, kafin cunkoson Kirsimeti. Sai jaririn ya yi ɗan rashin lafiya aka kwantar da shi, Mama ta ce ba ta ga ta tafiya ba. Wa zai ce mata a'a?

Ana cikin haka, tsakiyar Disamba, ƙanena ya kira daga Jos cikin dare. Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Yana asibiti.

Wanda bai zauna a can ba ba zai gane mene ne jirgin Legas a makon da ke gaban Kirsimeti ba. Duk ɗan Najeriyar da ya shekara yana tara kuɗi a ranakun nan yake tafiya gida: masu biki, masu bikin binne iyaye da aka ajiye musu, masu kai yara su ga dangi. Tun watanni suka sayi tikiti. Mijin ƙanwata ya buɗe manhaja ya juyo mini da wayar ba tare da ya ce komai ba. An sayar da kujeru fiye da waɗanda ke cikin jirgin, abin da kamfanoni suka saba yi don sun san wasu ba za su zo ba. A jerin masu jira kuma akwai mutane da yawa a gabanmu.

Farkon abin da na ce shi ne mu sayi cikakken tikiti. Kuɗin zuwa kaɗai na mutum ɗaya a wannan mako ya zarce abin da aka buga mini a Wuse na zuwa da dawowa. Katin bankina na naira ba ya aiki a waje, domin a lokacin yawancin bankunanmu sun dakatar da hakan. Katin bashin mijin ƙanwata kuwa haihuwa da jinyar jariri sun cinye shi. Na kira yaron shagona na ce ya karyar da shadda, ya kai kuɗin wajen 'yan canji a Zone 4. Amma kaya ba sa zama kuɗi a yini ɗaya, ko da an karyar. Kafin nan, abin da ke hannunmu shi ne mu je mu jira.

Kullum da yamma sai mu tafi filin jirgi. A tantance fasfo, a ba mu wata takarda mai kama da katin shiga jirgi amma babu lambar kujera, mu cire takalma a wajen bincike, in tura Mama a keken guragu har ƙofar da jirgin zai tashi. Akwai allo a sama da ke nuna masu jira, haruffan farko na sunan kowa. Ido ba ya barin allon nan. Kana kallon mutane suna shiga layi da jakunkuna da yara, kana ƙirga su ba ka sani ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na tsinci zuciyata tana roƙo. Kujera ba ta samuwa sai wani ya makara, ko jirgin da zai kawo shi daga wani gari ya yi latti, ko an samu matsala a takardunsa. Wato ina zaune da carbi a hannu ina fatan tafiyar wani bawan Allah ta lalace. In na ga mutum ya taho da gudu a minti na ƙarshe yana haki, maimakon in taya shi murna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Wani dare ma akwai kujeru, na gan su a wayar mijin ƙanwata, amma aka ce jirgin ya yi nauyi da kaya da mai, ba za a ɗauki mai jira ko ɗaya ba. Na miƙe zan yi magana, sai na hango shi can gefe cikin rigar aikinsa mai ɗaukar ido, ya baro wajen lodi ya zo ya ga yadda za ta kaya. Ya girgiza mini kai a hankali. Na koma na zauna. Abincin 'yar'uwata da na jaririnta yana cikin bakina a wannan lokaci, in na buɗe shi ba daidai ba ya zube.

A rufe ƙofa, mu juya gida. Mama ba ta taɓa yin ƙorafi ba. A mota sai dai ta ce in kira Jos, a kara wa Baba waya a kunne. Ba ya iya magana, numfashinsa kawai ake ji. Ita kuma ta yi ta ba shi labarin jariri, wai hancinsa ne sak.

Daren da abin ya faru, an gama shiga, saura 'yan mintuna a rufe, sai ma'aikaciyar ta kira sunanmu. Na tura keken da sauri. Ta ɗaga yatsa ɗaya. Kujera ɗaya ce, in mun yarda a raba mu. In ba mu yarda ba, ta kira na bayanmu.

Na durƙusa gaban Mama na fassara mata. Ta ce, "A'a. Kai ka tafi, kai ne babba, kai za ka iya da asibiti. Ni ina zan bi? Ko ruwa ban san yadda zan roƙa ba."

Na ce, "Mama, asibiti akwai masu yi. Ke yake jira."

Ta ce, "Malam ya ce kada in yi tafiya ba muharrami."

Ban san amsar da zan ba ta ba. Ni ba malami ba ne, kuma ba lokacin neman fatawa ba ne. Ina so in tafi, wallahi ina so. Rabona da Baba tun ranar da ya rage muryar rediyo. Amma na dubi matar da ta shekara sama da arba'in tare da shi, wadda ta sayar da sarƙarta bayan gobarar Terminus don mu ci gaba da makaranta, na san in na hau jirgin nan na bar ta, ba zan iya haɗa ido da ita ba har abada.

Sai muka ji an ce, "Mama, lafiya? Me ya faru?" da Hausa tsantsa, irin ta Jos. Wata mata ce a ƙarshen layi, ta tsaya gyara jakarta. Ibo ce, ma'aikaciyar jinya, a Jos aka haife ta, iyayenta sun bar garin bayan rikicin 2001. Cikin jimla biyu na gaya mata. Ba ta yi wata-wata ba ta kama keken ta ce, "Kawo ta. Uwata ce har Legas." Mama ta dube ni, na ɗaga mata kai. Na saƙala mata jakar magungunanta a wuya, na rubuta lambar abokina na Legas a bayan hannunta da biro. Ko sallamar kirki ba mu yi ba aka tura ta ciki.

Matar nan ta roƙi wani ya canza mata kujera ta zauna kusa da Mama, ta kai ta banɗaki, ta cike mata takardu, ba ta rabu da ita ba sai da ta damƙa ta hannun abokina. Ta ƙi karɓar ko sisi. Abokina ya sa Mama a jirgin Abuja, don hazo ya sa ba a dogara da na Jos, matata ta tarbe ta, ƙanena ya ɗauke ta a mota ta Keffi da Akwanga, suka haura Hawan Kibo da dare. Ta samu Baba da rai. An ce da ya ji muryarta ya buɗe ido, ya riƙe mata yatsa da hannunsa mai lafiya. Ta kwana a gefensa, ta yini, ita ta riƙa shafa masa ruwa a leɓe, ita ta laƙƙana masa kalmar shahada.

Ni kuwa na haƙura da jirgin Legas. Mijin ƙanwata ya samo mini gurbi a wani jirgi mai zuwa Turai, kuɗin shadda kuma ya iso, na sayi cikakken tikiti daga can zuwa Abuja. Ina zaune a filin jirgin Turai ina jiran canji, na kunna waya, sai ga saƙon ƙanena. Kafin in karanta na sani. An yi masa sallah bayan azahar, an kai shi makwancinsa, duk ina sararin sama. Ban ga laifin kowa ba, gawar Musulmi ba ta jiran ɗa, ko daga Bukuru yake tahowa, balle daga wata nahiya. Na nemi wani lungu kusa da masu shara na yi kuka mai isata.

Na iso ana zaman makoki. A nan na ji abin da ya fi jiran filin jirgi zafi. Wani kawunmu ya ce a gaban mutane, "Ka tafi cin daɗin Amurka da tikitin kyauta, ka bar tsoho ya mutu ba ka nan." Ban tanka ba. Mama ce, daga cikin ɗakin takabarta, ta aiko a kira shi. Ban san abin da ta gaya masa ba, amma bai sake ba.

Watannin da suka biyo baya ban gane kaina ba. In zauna a shago mai saye yana magana ban ji ba. Da dare in na rufe ido allon nan nake gani. Jarina ya yi ƙasa, ga dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kayan da na karyar ban iya mayar da rabinsu ba. Sai da na fara zuwa Jos duk Juma'a ina ziyartar kabarin Baba, in zauna da Mama ta yi ta maimaita mini yadda daren ƙarshen nan ya kasance, sannan a hankali na fara samun barci.

Wanda abin ya fi daɗewa a ransa shi ne mijin ƙanwata. Ya daina kira na, in na kira ya gaishe ni a gurguje ya miƙa wa matarsa. Sai da na ce mata ta sa wayar a sifika na ce, "Ƙanena, ba don tikitinka ba da Mama ba ta ga jikanta ba, kuma da tikitinka ta koma ta samu mijinta. Ka daina ɗaukar abin da ba naka ba." Ya yi shiru, can na ji yana jan hanci. Duk da haka ya daina ba kowa tikitin, kuma dangi sun sa shi a baki a kan haka. Har wani ɗan kasuwa a Wuse ya same ni wai in haɗa su, zai riƙa saye yana sayarwa. Na ce masa sayar da shi haramun ne a dokar kamfani, korar mutum ake yi a kai.

Ni ban ce kowa ya guji tikitin alfarma ba. Saurayi mai jaka ɗaya a kafaɗa, wanda in bai tafi yau ba gobe ma rana ce, ya more abinsa, ya zaɓi Fabrairu ko Oktoba, ya kauce wa Disamba da lokacin komawar ɗalibai. Amma mai tsoho a gida, ko mai tafiya da wanda ba zai iya zama shi kaɗai ba, kada ya taka filin jirgi sai yana da kuɗin cikakken tikitin dawowa a dala, a inda hannunsa zai kai cikin awa ɗaya. Kuma tun a gida su yanke shawarar wanda zai shiga in kujera ɗaya ta samu, domin a bakin ƙofar nan minti biyu ake ba mutum.

Yanzu ƙanwata tana da wani cikin, Mama kuma ta ce sai ta je. Bizarta ta shekara biyar tana nan da rai, an ba ta kafin Amurka ta rage wa 'yan Najeriya zuwa wata uku a watan Yulin 2025. Mijin ƙanwata ya yi shiru bai ce komai ba game da tikiti, mu ma ba mu tambaye shi ba. Ni da ƙannena mun buɗe adashi, duk wata muna sayen dala muna ajiyewa don cikakken tikitin mutum biyu, wanda za a iya canza masa rana. Wannan karon ƙanena ne zai raka ta. Mun kusa rabi.